Ranar da Motar Baba Ta Ƙi Tashi

Ni mutum ne mai zuciya, duk Zongon Wagadugu an san haka. Ina faɗi tun farko don kada wani ya karanta wannan ya ce shaiɗan ne ya shiga tsakani. Shaiɗan yana can yana sabgarsa ranar. Ni na yi, da hannuna na dama.

Mahaifinmu bafataken goro ne, kamar ubansa. Ya sayi motarsa hannun wani Bature da ke tattara kaya zai koma gida, a shekarun da ƙasa ta karɓi mulkin kanta. Baƙa ce, mai dogon hanci, kujerunta jar fata, giyarta a jikin sitiyari. Ana tayar da ita da makulli, ana kuma tayar da ita da manibel, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake zurawa ta hancin mota a murɗa injin da hannu. Saboda ita Baba ya fasa katangar gida ya yi ƙofa da rumfa. Babu amaryar da aka kai a layinmu da ba ta zauna a kujerar bayan nan ta yi kukanta ba. Abin da Baba ya fi taƙama da shi kuwa shi ne ba a taɓa tura ta ba, ko sau ɗaya. Idan ya ga ana tura motar wani a titi sai ya rage tafiya, ya leƙo ya yi musu sannu da aiki, sannun da ta fi zagi ciwo.

Ba ya barin kowa ya buɗe mata kapo, wato murfin injin. Duk sanda ya dawo gida sai ya kore mu, ya ɗaga kapon shi kaɗai, ya sunkuya kaɗan, ya rufe, ya shige ɗaki. Da safe ma haka. Mun girma muna ɗauka mai yake dubawa.

Mu biyu ne maza. Ni babba, direban babbar mota a hanyar Lome. Ƙanena tela ne, shagonsa a zauren gida, mutum mai sanyi wanda zai iya ɓata rabin yini yana daidaita wuyan riga ɗaya. Ranar da Baba ya rasu ina tashar jirgin ruwa a Lome ina jiran lodi. Kafin saƙo ya same ni, kafin in iso, an kwana uku da binne shi. Ƙanena ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Babu wanda ya taɓa goranta mini, amma abin ya zauna mini a ƙirji, kuma na tsani ƙanena kaɗan saboda shi ya samu abin da na rasa. Ban san na tsane shi ba sai daga baya.

Motar ta zauna a rumfarta kusan shekara biyu ba a taɓa makullinta ba. Ƙanena bai iya tuƙi ba, ni kuma kullum ina hanya.

Sai aka zo aka shafa jan fenti a katangunmu. Za a rushe unguwa a gina manyan benaye, mu kuma an ba mu filaye can bayan gari inda ko bishiyar kirki babu. An yi taro, an yi addu'a, an yi zanga-zanga, an sha duka. Ƙarshe dai buldoza ta shigo. Na ajiye babbar motata na iso gida da hantsi ranar da aka ce layinmu ne, na tarar an riga an kwashe kaya. An cire ƙyamare da kwanon rufi, an tafi da keken ɗinkin ƙanena. Saura Inna, mahaifiyarmu, zaune kan wata tabarma a ɗakin da babu rufi, ta ce ba za ta fita ba sai motar mijinta ta fita. A ƙofar gida kuma ga wani Bamoshe, ɗan ƙabilar garin, da jakuna biyu da igiya yana jira.

Na tambayi ƙanena na mene ne jakunan.

"Yaya, na ja ne," in ji shi. "Mu ɗaura mata igiya su hitar da ita zuwa unguwar Larle gidan kawu, in ya so ka gyara ta a natse. Buldoza na gidan liman yanzu. Gida biyar ya rage."

Na dube shi kamar ya zagi kabarin Baba. Na ce motar nan da ƙafarta ta shigo gidan nan, da ƙafarta za ta fita. Ba za a ce Zongo ta watse mutane suna kallon motar Alhaji a bayan jaki ba. Bamoshen ya ce, "Yel ka be," wato babu damuwa, ya koma inuwa ya zauna. Ya fi mu duka hankali.

Na fara daga inda kowane direba ke farawa. Batir ya mutu murus, ko fitilar gaba ba ta ƙifta ba. Na ruga bakin titi na samu wani ɗan Nijar mai taksi, na roƙe shi aron nasa. Ya cire ya ba ni, ya ce in yi sauri, shi ma yana da iyali uku da zai kwashe. Na kankare kawunan wayoyi da wuƙa, na ɗaure, na shiga na zauna. Warin Baba na nan a cikin motar, turare da goro. Layunsa na rataye a madubi yadda suke tun muna yara, har da wata sabuwa mai jar fata da ban sani ba, doguwar igiya gare ta, tana ta bugun goshina. Na make ta gefe na murɗa makulli.

Injin ya juya. Ya juya lafiya lau, da ƙarfinsa, amma bai kama ba. Na sake, na sake. Tana ta gurnani kamar mai neman tari ya ƙi fitowa.

Na ce mai ne. Na buɗe tanki na shinshina, man ya tsufa yana warin fenti. Na zura tiyo na tsotsa, ya cika mini baki, na tofar, na bar shi ya tsiyaye a ƙasa. Ƙanena ya je ya sayo sabo a kwalabe huɗu. Na zuba uku a tanki. Na cire tiyon da ke kai wa karbirato, na ce masa ya murɗa makulli in gani. Famfo ya tofo mai, ke nan shi lafiyarsa lau. Na kwance kan karbirato, na fitar da 'yar ƙusar nan mai rami da mai ke bi, na hura ta da baki har na ga haske ta ciki, na mayar. Na zuba mai kaɗan kai tsaye a maƙogwaronta. Motar da aka yi wa haka, ko da gawa ce, sai ta yi tari ɗaya. Wannan ko uffan.

A lokacin ne rikici ya ɓarke a bakin layi. Samari sun jawo tayoyi sun cinna wuta don su tare buldoza, 'yan sanda masu kulki suka zo musu. Muna jin ƙarar duwatsu a kan garkuwa, muna jin ihun mata. Wani saurayi ya faɗo ta ƙofarmu da gudu, kansa a fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya, ya haye katangar baya ya ɓace ko sallama babu. Sai hayaƙi mai sa hawaye ya biyo iska ya cika tsakar gidan. Idona ya kama wuta, majina ta zubo, man da na tsotsa yana ƙona mini harshe. Ƙanena ya jiƙa ƙyalle ya kai wa Inna ta rufe fuska. Jakunan suka fara harbin iska.

"Yaya, don Allah. Se fini, ta ƙare. Saura gida huɗu."

Na ce ya rufe mini baki.

Tunda mai yana zuwa, saura wuta. Na kwance buji huɗun, wato fulogi masu kunna mai a cikin injin, ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi baƙi. Na goge su da takardar yashi. Na maƙala ɗaya a wayarsa, na jingina shi da ƙarfen injin, na ce ƙanena ya murɗa. Ya kamata in ga shuɗin tartsatsi a bakinsa. Babu. Na gwada na biyu, na uku, na huɗu. Babu ko ɗaya. Batirin ɗan Nijar kuwa ya fara sanyi, juyin yana raguwa. Mai shi ya leƙo sau biyu yana taɓa agogo.

Na ce to bobin ce ta mutu, kwalbar ƙarfen da ke haifar da wutar. In ita ce, magana ta ƙare, domin masu sayar da kayan mota na unguwa duk sun kwashe shagunansu, kuma irin tata an daɗe da daina kawowa. Na zare babbar wayar da ta fito daga bobin na riƙe kusa da ƙarfe. Don in tausaya wa batir sai na ce ƙanena ya bar makulli a buɗe ya zo ya murɗa manibel. Ya murɗa. Wuta ta fizge ni daga yatsa har kafaɗa, na buga kai da kapo, na zunduma ashar ɗin da ban taɓa yi a gidan ubana ba. Amma raina ya yi fari. Bobin na da rai. Wuta tana fitowa, buji ne ba ta kaiwa. Tsakaninsu kuwa abu ɗaya ne, delko, mai rarraba wutar.

Na karɓi manibel daga hannunsa, na sa bakin ƙarfen na ɓalle maƙallan murfin delko da suka yi tsatsa. Na ɗaga murfin.

A cikin delko akwai ɗan abu baƙi da bai kai babban yatsa ba, da ɗan harshen tagulla a kansa. Makanikai na kiransa yatsa. Shi ke juyawa yana miƙa wa kowane buji wutarsa. Wurinsa a nan wayam yake, sandar tsirara. Abin nan ba ya narkewa, ba ya faɗuwa, ɓera ba ya ɗauka. Hannun mutum ne kawai ke cire shi.

Na juyo a hankali. Dama an taɓa tsegunta mini a tasha cewa masu sayen tsofaffin ƙarafa suna yawan zuwa zauren ƙanena. Na ce masa ina yatsan. Ya ce wane yatsa. Na ce kada ya raina mini hankali, shekara biyu shi kaɗai ne namiji a gidan nan, wa ya sayar wa. Ya ce wallahi bai taɓa ɗaga kapon nan ba, wanke ta kawai yake yi duk Juma'a yana hura mata tayoyi. Masu ƙarfe sun zo sau uku ya kore su. Na ce shi ya sa tun safe yake ta jaki, jaki, don ya san abin da ya yi.

Daidai nan katangar gidan maƙwabcin maƙwabcinmu ta faɗi. Ƙasa ta girgiza ƙarƙashin ƙafafunmu. Ƙanena, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, fuskarsa jiƙe da hawayen hayaƙi, ya ce:

"Yaya, Baba ya mutu. Ni na sa shi a rami, kai kana Lome. Ko ka tada motar ga, ba za ka tada shi ba. Ka bari mu hitar da Inna."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na buge shi. Manibel na hannuna. Kansa na nufa, ba zan yi ƙarya ba. Ya ɗaga hannun dama ya tare, ƙarfen ya sauka a bayan tafinsa, hannun kuma yana kan gefen motar. Na ji ƙarar ƙashi. Ban tsaya ba. Na sake ɗagawa na sauke a wuri guda. Da na ɗaga na uku ne Bamoshen ya rungume ni ta baya ya kayar da ni, muka yi birgima cikin tsohon man da na zubar. Na cije shi a hannu, ya danna mini gwiwa a wuya har na ga duhu.

Ƙanena bai yi ihu ba. Ya durƙusa ya riƙe hannun da ɗayan, yana kallonsa. Yatsu biyu sun karkace inda yatsu ba sa zuwa, wani farin abu ya leƙo ta fata, jini yana ɗiga a kan takalminsa.

Inna ta fito. Ni ɗan fari ne, kuma Inna ta tsohon yayi ce. Tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, in tana son gaya mini magana sai ta gaya wa ƙanena ko bango. Shi ya sa tun safe ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaye ta komai ba. Me tsohuwa ta sani game da mota? Ta cire mayafinta ta naɗe hannun ƙanena. Sannan, a karo na farko a rayuwata, ta dube ni tsakiyar ido.

"Kai. Mi ya ɗauka maka?"

Ina kwance ƙarƙashin gwiwar mutum, ina haki, na ce ya sayar da abin mota. Ta ce wane iri. Na kwatanta da yatsuna: ɗan ƙarami haka, baƙi, da tagulla a kai.

Ta sa hannu a aljihun rigar ƙanena ta zaro ɗan almakashinsa da ba ya rabuwa da shi, ta buɗe ƙofar mota, ta kamo jar layar nan da ta yini tana bugun goshina, ta yanke igiyar. Ta tsaya a gabana tana farke ɗinkin. Fatar ta buɗe. Yatsan delko ya faɗo a ƙasa kusa da fuskata.

Ba ni ta yi wa bayani ba, ƙanena ta yi wa. Ta ce shekara da shekaru Alhaji yana shigowa da abin nan duk yamma, ya sa shi cikin 'yar jakar da yake ajiye layunsa, da safe ya fita da shi. Bai taɓa ce mata ga abin da yake ba, ita kuma ba a tambayar miji asirinsa. Da ya rasu, za a ba da tufafinsa sadaka, ta same shi a jakar. Ta san na mota ne, ta ɗauka tsarinta ne. Ta ji tsoron kada ya ɓace motar ta zauna babu kariya, sai ta kai wa baduku ya ɗinke shi a fata, ta rataye tare da 'yan uwansa.

A nan na gane sunkuyawar nan ta Baba. Ba mai yake dubawa ba. Yatsan yake cirewa don ko ɓarawo ya shigo da makulli ɗari ba zai tafi da ita ba. Ni direba ne, na san dabarar, na ga tsofaffin direbobi suna yi a tasha. Shekara talatin ina kallon ubana yana yi a gabana, kuma da na ga wurin yatsan wayam, babu wanda ya zo mini a rai sai ƙanena.

Bamoshen ya sake ni. Na ɗauki yatsan, na goge shi da rigata, na danna shi a sandarsa, na mayar da murfi da wayoyi da buji. Ban ɗauki minti biyar ba. Batir ya riga ya gaza, dole sai manibel. Na ɗauke shi daga ƙasa, da jinin ƙanena a jikinsa, na zura na murɗa. Juyi ɗaya ta yi tari, na biyu ta kama. Ta cika gidan da baƙin hayaƙi, sannan ta daidaita, tana wannan kukan nata mai laushi da duk Zongo ta sani. Ban taɓa jin ƙarar da na tsana kamar wannan ba.

Muka sa ƙanena a kujerar baya, ta amare, kansa a cinyar Inna. Na fito da ita ta ƙofar da Baba ya fasa mata. Buldoza tana gidan da ke manne da namu. Na bi ta kan garwashin tayoyi da duwatsu, masu kulki suka buɗe hanya da suka ga jini. Wasu tsofaffin layinmu da ke tsaye kan tarkacen gidajensu suka ga motar Alhaji ta fito da ƙafarta, suka ɗaga hannu suna kabbara, wata tsohuwa har da guɗa. Ba su ga abin da ke kujerar baya ba. Na samu abin da na nema, daidai yadda na nema.

Muna asibiti aka rushe gidanmu. Babu ɗayanmu da ya ga faɗuwarsa. Ɗan Nijar ya biyo ni har can ya cire batirinsa ya tafi. Da likita ya tambayi abin da ya faru, ƙanena ya ce kapon mota ne ya faɗo masa. An cire yatsa ɗaya, biyu suka sandare. Tela ne. Ya koyi riƙe almakashi da hagu, yana ɗinkin kayan makaranta da labule, amma aikin wuyan riga da aka san shi da shi ya tafi. Na ba shi haƙuri a asibiti, na ba shi a gaban kawu, na ba shi ranar da muka binne Inna. Kowane karo amsa ɗaya ce, "Ya wuce, Yaya," da murmushinsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Inna kuma ba ta sake kallon idona ba har ta bar duniya, kuma ban san ko tsohuwar kunyar ce ko wata sabuwa ba.

Motar tana nan a gidana na bayan gari, tana tashi da bugu ɗaya. Bara waccan, 'yar ƙanena ta fari za ta yi aure, ta zo ta durƙusa ta ce tana son a kai ta da motar kakanta, kamar yadda aka kai uwarta. Na ce sai ubanki ya yarda. Ya yarda. Ranar na wanke ta da kaina, na goge kujeru, na tsaya a ƙofarsa. Aka shigar da amarya da ƙawayenta biyu. Kujerar gaba babu kowa. Na zagaya na buɗe masa ƙofar da hannuna, a gaban mutane, na tsaya ina riƙe da ita.

Ya dubi kujerar, ya dube ni. Ya ce, "Ku tahi, Yaya, ina bayanku."

Na rufe ƙofar. Duk tsawon hanyar ina ganinsa a madubi, inda layar take a da, yana biye da mu a kan tsohon babur ɗinsa da aka mayar wa totur hagu, yana riƙe da kansa da hannun hagu, na daman yana kwance a cinyarsa.